Kafin ka tambayi wat nawa ce: magana ga masu haɗa transimitar FM a Gaya da Ajingi

Kwanakin baya wani ƙanena a Gaya ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Ya haɗa 'yar transimita a cikin gwangwanin madara, ya jona mata makirfo, yana magana, rediyon da ke ɗaya ɗakin tana maimaita muryarsa. Murna har kunne. Saƙon da ya biyo bayan bidiyon shi ne: "Yaya, ya zan yi ta kai wat 50? So nake a ji ni har Ajingi."

Na sha jin wannan tambaya, ni ma na taɓa yin ta. Duk yaron da ya fara jin muryarsa a rediyo, abin da ke fara zuwa masa ke nan: a ƙara ƙarfi. A ganina wannan tambaya ita ce ke ɓatar da mu, domin a wurin da ake ganin wutar lantarki kamar baƙuwa, gwanintar mai haɗa transimita tana ga yadda yake tattalin wutar da yake da ita, da kuma tsabtar abin da yake watsawa a iska.

Ni ba injiniya ba ne. Sakandare na gama, na koyi rubuta manhaja da waya da wata tsohuwar kwamfuta, da ita nake cin abinci yanzu. Amma kafin manhaja, rediyo ce ta fara ja na. Ina aji biyar na haɗa transimitata ta farko da taransisto guda ɗaya, da kwayil da na naɗe a jikin biro, da batir mai bolt 9. Ta yi aiki, sai dai ba ta zama wuri ɗaya. In na kai hannu kusa da ita sai ta gudu daga inda na saita ta, in batir ya fara sanyi ta sake gudu. Ashe a yawon nan nata tana faɗa wa tashar da wani dattijo maƙwabcinmu ke sauraron labarai da yamma. Sau biyu bawan Allah yana kai rediyonsa wajen mai gyara, ana karɓar kuɗinsa ana ce masa lafiyarta ƙalau. Ranar da ya ji muryata a ciki ina cewa "gwaji, gwaji", ba sai na ba ku labarin abin da ya biyo baya a gidanmu ba.

Sai daga baya na gane dalili. Rediyon FM tana da wata ɗabi'a: idan sigina biyu suka haɗu a mita ɗaya, wanda ya fi ƙarfi take kamawa, ta watsar da ɗayan gaba ɗaya. 'Yar transimitata ba ta da wani ƙarfi, amma katanga ce kawai tsakaninta da rediyon dattijon, tashar kuwa tana can birnin Kano, kimanin kilomita 60. Dole na rinjaye ta.

Bari mu ɗan koma baya, don wanda bai taɓa buɗe rediyo ba. Transimita tana samar da igiyar lantarki mai kai da komo da sauri ƙwarai. Idan ka ji an ce tasha tana kan mita 99.5, kamar Freedom Radio da ta fara aiki a Kano a 2003, ana nufin igiyar tana kai da komo sau miliyan 99.5 a kowace daƙiƙa. A tsarin AM, muryarka tana ƙara wa igiyar tsayi ko ta rage mata. A tsarin FM, wanda Ba'amurke Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, tsayin igiyar ba ya canzawa ko kaɗan. Saurin kai da komon ne ke ɗan ƙaruwa ya ɗan ragu daidai da muryar, kuma ƙa'ida ta kayyade kada wannan motsi ya wuce kilohaz 75 sama ko ƙasa. Shi ya sa in hadari ya taso ana walƙiya za ka ji AM tana ƙarar ƙas-ƙas, FM kuwa shiru: hayaniyar walƙiya tsayin igiya take taɓawa, ita kuma rediyon FM ba ruwanta da tsayi.

Wannan rashin canjin tsayi shi ne babbar kyautar da FM ta yi wa talaka, kuma yawancin masu haɗa transimita a nan ba su san da ita ba.

Ga yadda abin yake. Sashen ƙarshe na transimita, wanda ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ya hau eriya, shi ne ke shan mafi yawan wuta. Akwai hanyoyi daban-daban na sa taransisto aiki a wannan sashe. A wadda ake kira ajin A, taransisto a kunne yake kowane lokaci, ko da aiki ko babu, kamar direban da ya bar mota a kunne a tasha yana jiran fasinja. Ko a takarda, wannan tsari ba ya iya mayar da fiye da rabin wutar da ya sha zuwa sigina, a aikace kuma ƙasa da haka yake bayarwa. Sauran duk zafi ne. A ajin C kuwa, taransisto yana kunnuwa ne na ɗan taƙi a kowane zagaye, ya tura igiyar, ya mutu, sai kwayil da kafasito su ƙarasa zagayen. Kamar mai tura yaro a lilo ne: ba ka bin lilon da gudu, turawa ɗaya kake yi a daidai lokaci, ya je ya dawo da kansa. Da wannan dabara ana samun kashi 70 cikin ɗari ko fiye. Idan aka bi da siginar da saƙonsa ke cikin tsayin igiya ta irin wannan sashe, muryar za ta dagule. FM kuwa ba ta damu ba, tunda ba a tsayi ta ajiye saƙonta ba.

Mu yi lissafin da kowa zai iya bi a wayarsa. A ce ƙaramar tashar gari tana fitar da wat 100, tana aiki awa 10 a rana. Idan transimitar tana amfani da kashi 40 ne kawai na wutar da take sha, wat 250 za ta ja, wato awa-wat 2,500 a rana. Idan an tsara ta da kyau ta kai kashi 75, wat 133 za ta ja, kimanin awa-wat 1,330. Bambancin ya kusa awa-wat 1,200, daidai abin da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yake ɗauka in ya cika fal. Duk wanda ya taɓa taya batirin sola a kasuwa ya san abin da nake nufi, balle mai sayen man janareto tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Mai sauraro a Kademi ko Toranke ba zai ji wani bambanci tsakanin transimitocin biyu ba. Mai biyan kuɗin wuta ne zai ji.

Ga kuma zafi. Ta farko tana zubar da wat 150 a matsayin zafi, ta biyu wat 33 kacal. A watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, wannan shi ne bambancin na'urar da za ta shekara tana aiki da wadda taransistonta zai ƙone kafin damina. Zane-zanen da muke kwafowa daga intanet, da yawansu a ƙasashen sanyi aka gwada su. Ƙarfen shan zafin da ya ishe su a can, a ɗakin kwano na Gaya wasa ne.

Yanzu batun Ajingi da ƙanena ke son muryarsa ta kai. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 20 a miƙe ba, kuma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu manyan duwatsu da za su tare hanya. Siginar FM kusan a miƙe yake tafiya kamar haske, don haka tsayin eriya ne ke yanke iyakarsa. Akwai lissafi mai sauƙi: ka nemo tushen murabba'in tsayin eriya a mitoci, ka ninka da 4.1, ya ba ka kimanin kilomitocin da siginar zai kai kafin lanƙwasar ƙasa ta ɓoye shi. Eriyar da ke kan rufin ɗaki mai mita 4 tana hango kilomita 8. A ɗaga ta zuwa mita 30, ta hango kusan 22. Shi kuwa ƙarfi, ko a fili fetal babu shamaki sai ka ninka shi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu, a ƙasa ta gaske ma bai kai haka ba. Wanda ya kashe kuɗinsa a doguwar sanda ya fi wanda ya kashe a ƙarin wat dabara.

Sannan akwai ɓarawon da ba a gani, wato wayar da ke haɗa transimita da eriya. Siririyar wayar nan mai suna RG-58, a zangon FM, mita 20 ɗinta na cinye kusan rabin ƙarfin da aka tura. Ka haɗa wat 50, wat 25 ne ya isa sama. Ita kanta eriyar dole a yanka ta daidai da mitar da ake watsawa. A megahaz 100 tsawon igiya mita 3 ne, don haka kowane hannu na eriya mai hannu biyu zai ɗan gaza santimita 75. In ba a yanka daidai ba, wani kaso na ƙarfin yana dawowa da baya ya faɗa wa taransisto. Yawancin masu kukan "an sayar mini da jabun taransisto", eriyarsu ce ta kashe shi.

Matsalar gudun mita da ta haɗa ni da maƙwabcinmu kuwa, an daɗe da magance ta. Ana amfani da da'irar da ake kira PLL, wadda ke kwatanta mitar transimita da ta wani ɗan kiristal da ba ya motsi, duk sanda ta fara kaucewa ya dawo da ita. A yau duk wannan yana cikin ayisi guda ɗaya ƙarami, irin su BH1417 ko KT0803 ko Si4713. Biyun ƙarshe ma da manhaja ake ba su umarni: ka jona su da Arduino, ka rubuta 'yan layuka, ka ce mita kaza nake so, su zauna a nan daram. A nan ne aikina na yanzu ya sake haɗuwa da soyayyata ta yarinta, kuma a nan nake ganin masu koyon rubuta manhaja a cikinku suna da ƙofar shiga. Akwai LTspice da KiCad, duka kyauta ne, ka gwada da'ira a kwamfuta kafin ka ƙona ko da taransisto ɗaya. Akwai kuma 'yar na'urar RTL-SDR da ake jonawa da wayar Android ta kebul ɗin OTG, ta nuna maka a allo duk abin da ke yawo a iska. Ranar da na fara kallon siginar wata transimita da na haɗa a wannan allo, kunya ce ta kama ni: ina zaton murya ɗaya nake fitarwa, ashe tarkace ne birjik.

Tarkacen nan ba abin wasa ba ne, kuma shi ne kuɗin da ake biya a kan tattalin ajin C. Taransiston da ke kunnuwa yana mutuwa yana haifar da 'ya'yan sigina a ninkin mitar da kake kai: in kana kan 100, za a same ka a 200 da 300. Dole a sa matata ta kwayil da kafasito tsakanin transimita da eriya don ta tare su. Ga abin da ya fi tayar da hankali: zangon FM yana ƙarewa ne a megahaz 108, daga nan har zuwa 137 na jiragen sama ne, na'urorin da ke taimaka musu sauka da kuma maganar matuƙi da hasumiya. Transimitar da ba ta zama wuri ɗaya, ko mai fesa tarkace a gefe da gefe, tana iya kutsawa can. Mu kuma muna tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Dutse. Masu nuna bidiyon yadda ake mayar da Raspberry Pi gidan rediyo da guntuwar waya ɗaya ba sa faɗa muku cewa siginar da ke fita daga ƙafar nan cike yake da irin waɗannan 'ya'ya.

Don haka in faɗa ɓaro-ɓaro: watsa shirye-shirye ba tare da lasisi ba laifi ne a Najeriya. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke da hurumin wannan. Ba ina zuga kowa ya kafa tashar ɓoye ba ne. Mai koyo ba ya ma buƙatar eriya. Ana jona transimita da rezisto mai om 50 a madadinta, ƙarfin ya ƙare a nan a matsayin zafi, ka yi duk awon da kake so, rediyon da ke kan teburinka ta kama, ta maƙwabci ba ta san ana yi ba. Da wani ya gaya mini haka ina aji biyar, da dattijon nan bai yi asarar kuɗin gyara ba.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci: wa ke ta rediyo a zamanin TikTok? Ai Norway ma ta rufe tashoshinta na ƙasa a zangon FM tun 2017. Gaskiya ne, amma Norway ta rufe ne bayan ta shimfiɗa rediyon dijital da intanet kusan ko'ina. Mu fa? Sauraron murya ta intanet a matsakaicin inganci na kilobit 64 yana cin kusan megabait 29 a awa. Awa uku a rana, a wata ka haura gigabait biyu da rabi, ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kuma kowane mai sauraro nasa kuɗin yake biya daban. Transimitar FM kuwa, mutum goma ne ke ji ko dubu ɗari, wutar da take sha ɗaya ce, mai sauraro kuma ko sisi ba ya biya. A watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, wayoyi masu tsada sun koma tocila da kalkuleta, rediyo ta ci gaba da magana. A ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, duk mun ga yadda tura kuɗi ya gagara.

A gefe guda, wayar da ke hannunka wataƙila tana da rediyo a ciki ba ka taɓa buɗewa ba. Yawancin ƙananan Tecno da itel da Infinix suna zuwa da ita, wayar iyafis ɗinka ce eriyarta, shi ya sa take cewa sai ka jona. iPhone ba ta da ita, manyan wayoyi masu tsada da yawa ma sun yar da ita tare da ramin iyafis. Ni dai in zan saya wa wani na gida waya a Farm Centre, sai na duba wannan kafin na duba kyamara.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Ana cewa in aka bar kowane gari ya samu tasharsa, 'yan siyasa za su saye ta, sojojin baka su mayar da ita dandalin zage-zage, wani ya hau ya tunzura jama'a. Wannan tsoro yana da tushe, duk mai sauraron shirye-shiryen siyasa da dare a Kano ya san haka. Amma tashar da ke da lasisi tana da adireshi, tana da shugabannin da za a kira su amsa tambaya, ana iya cin ta tara ko a rufe ta. Saƙon murya da ke yawo a zaurukan WhatsApp ba wanda ya san uban da ya haife shi, kuma shi ne a yanzu yake cike gurbin da rashin tashar gari ya bari.

Gurbin kuwa babba ne. Tashoshin da muke kamawa a nan, kusan duk daga birnin Kano ko Dutse suke zuwa. Suna ƙoƙari, amma wanda ke zaune a ɗakin watsa shirye-shirye a birni ba shi ne zai sanar da mutanen Balare ranar da za a raba taki ba, ko ya gaya wa na Shagogo cewa tsutsa ta ɓulla a gonakin makwabta, ko ya yi cigiyar akuyar da ta ɓata ranar kasuwa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. Tun 1999 aka kafa rediyon karkara mai aiki da hasken rana a Bankilare, yau kuma suna da tashoshin al'umma fiye da ɗari. A Najeriya sai a 2015 aka fara bayar da lasisin rediyon al'umma, guda 17 ga ƙasa mai ƙananan hukumomi 774.

Abin da nake so in gani shi ne ƙungiyoyin ci gaban Gaya da Ajingi su haɗa kai su nemi irin wannan lasisi, ita kuma NBC ta sauƙaƙa hanya da kuɗi ga ƙananan tashoshin da ba riba suke nema ba. Amma lasisi kaɗai ba ya riƙe tasha. Abin da ke kashe irin waɗannan tashoshi sau da yawa shi ne kuɗin mai da rashin mai gyara: na'ura ta lalace, a jira wani ya zo daga nesa, wata uku shiru, jama'a su manta da mitar. Tashar da aka tsara tun farko don ta rayu da faranti huɗu ko biyar na sola, kuma a cikin gari akwai yara uku da suka san abin da ke cikin akwatin, ita ce za ta daɗe. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ban ga abin da zai hana sashen lantarki na can ya buɗe ɗakin gwajinsa a lokacin hutu ga irin ƙanena ba, su ga na'urar awon sigina da idonsu ko da sau ɗaya.

Tarihin baka na Kano ma yana cewa maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka je Dutsen Dala neman tama. Duk sanda na ga yaro a garin nan da dalma da ƙarfen liƙi a hannu, sai in tuna da wannan.

Ƙanen nawa dai ban ba shi zanen wat 50 ba. Na aika masa da ayisin KT0803, da Arduino, da rezisto mai om 50, na ce ya fara sa ta zauna a mita ɗaya na tsawon awa uku ba ta motsa ba, ya kuma auna wutar da take sha ya rubuta a littafi. Ya ɗan yi fushi, kwana biyu bai amsa saƙona ba. Shekaranjiya da dare sai ga hoton shafin littafin, da tambaya a ƙasa: me ya sa wutar ke ƙaruwa in akwatin ya ɗumama?